Jan Gari a Gindin Noti

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa daga gida zuwa gare ka a Suki, tare da fatan ka sauka lafiya, ka sami ɗaki marar yoyo da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya tsare ka a bakin injinan ban ruwa da aka ba ka amanarsu, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na kogi. Amin.

Na san za ka juya takardar nan ka duba ko Baffanka Isa ne ya rubuta. Ba shi ba ne, ni ne. Shekara ashirin da huɗu kana gidan nan, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ne ɗan fari, kuma ka san halinmu: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yabonsa a gaban idonsa, ba a jan sa a jiki. In ina so ka je gona sai in gaya wa Isa, Isa ya gaya maka, alhali muna zaune a tabarma ɗaya. Haka ubana ya yi mini, haka na yi maka, ban taɓa zaton wannan kunyar za ta kai mu bakin asara ba. To ta kai mu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin ka gaji da rubutuna, ga abin da ya fi komai: kada ka ɗauki kowa a bayan babur ɗin nan da na ba ka. Na ji an ce Juma'a ta sama za ka zo ka ɗauki matarka Saudatu a kansa, ku koma tare. Kada ka yi, sai ka karanta wannan har ƙarshe ka aikata abin da ke ciki. Dalilin yana da tsawo, kuma ba shi da daɗin faɗi a bakina, don haka ka yi haƙuri in biyo ta nesa.

Kana da shekara takwas na sami babur ɗin. Wani Bature mai duba gonakin auduga ne ya bar shi lokacin da suke tattara kayansu za su koma ƙasarsu, ya bi hannu biyu ko uku kafin ya iso warshar Usta Bashir, wato shagonsa na gyaran injuna, a Rusairis. Ba ka san Usta sosai ba, Allah ya jiƙansa. Balarabe ne gajere mai farar gira, a hannunsa na koyi gyaran injin ban ruwa, kuma Hausarsa irin ta kasuwa ce, rabi tamu rabi tasu. Ranar da na fara hawa babur ɗin na ji kamar an naɗa mini sarauta. Inji ne mai silinda ɗaya, ƙato, in ya tashi har ƙasa tana amsawa. Hannuwana suna rawa har kafaɗa, madubi ba ya nuna komai sai dishi-dishi, ni kuwa daɗi nake ji, don a ganina ƙarfin ke nan. In na shigo gari kaji su watse, tsofaffi su yi tsaki, ni kuma in ƙara murɗa mai.

Bayan wata biyu na tsaya da shi a ƙofar warsha don in yi wa Usta burga. Ya ɗauko ƙaramin kofin gilashin da yake shan shayi da shi, ya cika shi, ya ɗora a kan tanki ya dafe da yatsa ɗaya, ya ce in tayar. Na tayar. Kafin in ƙifta ido rabin shayin ya koma kan jallabiyata.

Ya ce, "Shufta, ka gani, ya Adamu? Shayi ya gudu. Inji kwayyis, mai lafiya, shayi yana rawa cikin kofi amma ba ya fita. Wannan naka ba ƙarfi ba, ciwo ne."

Na ce masa ai haka baburan Turawa suke. Ya ɗaga farar girar nan ya ce, "Bature ya tafi, ya zol. Noti ya kwance, kai ka zauna da shi."

Ya durƙusa ya nuna mini wuraren da inji yake ɗaure da shasi, wato ƙarfen jikin babur: faranti biyu a gaba, biyu a baya, doguwar ƙusa a ƙasa, sai wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin tanki da ya riƙe kan inji. A gindin noti uku akwai wani jan gari mai laushi kamar dakakken barkono. Ya shafo shi da yatsa ya kawo mini har hanci. Ya ce ƙarfe ne yake cin ƙarfe, duk inda na ga wannan garin, to abin da ke wurin yana motsi ko da idona bai gani ba.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma mai sauƙi ne a cikinsu. Ka bambanta bugun inji da rawar inji. Bugu nasa ne, da shi aka ƙera shi, ba za ka raba shi da shi ba. Amma in ka sauka ka ji yatsunka sun mutu har ka kasa kwance igiyar kaya, in fitila ta fara ƙonewa kowane mako, in ka ji rawar ta canja murya daga yadda ka saba, to wani abu ya kwance. Kada ka yi alfahari da shi. Yatsuna biyu na dama har yau ba sa jin zafin kofi sosai, shi ya sa ka ga rubutun nan yana hawa yana sauka.

Usta ya ɗaure mini notikan ranar, babur ya yi sanyi. Da a ce na tsaya nan, da yanzu ba na wannan rubutu. Amma ni mutum ne mai son a ce na fi malamina. Na lura motocin lori suna da roba a ƙarƙashin injinsu, sai na ce to me zai hana. Na sami tsohuwar taya, na yanka ta ƙanana-ƙanana, na cusa tsakanin inji da farantai, na ɗaure. Kwana uku ina jin kaina gwani, har na kira Isa ya taɓa kan babur ya ji. A na huɗu zafi da mai suka cinye robar, ta lotsa, notikan suka sami wurin wasa, inji ya fara kai da komo a cikin shasi kamar ɗan maraƙi a turke. Ramukan farantin gaba da suke zagayayyu suka zama kamar ƙwai. Usta ya ciro guntun robar da bakin sukudireba ya miƙo mini ya ce in kai wa mai takalma, ya fi ni sanin amfaninta.

Ka riƙe wannan: baburan zamanin nan wataƙila akwai masu son roba, ban sani ba. Naka ba ya so. An yi shi ne inji ya manne da shasi ƙarfe da ƙarfe, su zama abu ɗaya, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. In wani a Suki ya ce zai sa maka roba ya yi laushi, ka yi masa godiya ka tura abinka gaba.

Yanzu na iso inda nake ta kewayawa.

Kana da shekara goma na sauke injin ni kaɗai a gida don in canja masa zobban cikin silinda. Wajen mayarwa wata washa mai kauri ta ɓace mini a cikin yashi, wadda take zama tsakanin farantin baya da kunnen shasi na hagu. Kunnen nan shi ne ɗan ƙarfen da ya fito daga shasi mai rami a tsakiya, inda ƙusa take shiga. Ba washa, sai ga wani ɗan gibi, bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Rusairis tafiyar sa'a ɗaya ce, da na je Usta zai ba ni wata daga cikin gwangwaninsa. Ban je ba, don ba na so ya san na zubar da kaya a yashi kamar sabon shiga. Na ɗauko bututun ƙarfe mai tsawon hannu, na zura a bayan sifana, na taka shasi da ƙafa na ja. Kunnen ya lanƙwaso ya rufe gibin. Na share zufa na ce ai ga shi nan, ko Usta sai haka.

Ka san bututun. Shi ne wanda ka saba gani rataye a bangon rumfa.

Abin da ban sani ba, ko in ce na sani na kau da kai, shi ne ƙarfen da aka jawo da ƙarfi ba ya yarda. Yana nan yana ja da baya dare da rana, inji yana bugunsa, hanya tana bugunsa. Ka san hanyarmu bayan damina, in laka ta bushe ta zama dagdag, tudu-tudu kamar haƙarƙarin saniya. Wata biyar kunnen yana shan wannan, yana tsagewa a hankali ta ciki inda maiƙo ya rufe. Na ga jan gari a gindin notin har sau biyu. Sau biyun na ɗauko bututu na ƙara ɗaurewa.

Ranar sunan ɗan ƙanwar innarka, a ƙauyensu na arewa da mu, na ce ba za ta hau jaki ba, ni zan kai ta kowa ya gani. Ta yi kwalliya, ta zauna a baya a karkace, ƙafafunta a kan mataki ɗaya na hagu, daidai saitin kunnen nan. Ni ina riƙe da kan babur, abin da ya iso hannuna kaɗan ne. Ita kuwa a tafin ƙafarta yake bugawa. Ba mu yi nisa ba ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, ƙahwata ta mutu. Abin ga shina rawa ba kamar kullum ba."

Na ce, "Ke dai tsoro gare ki. Riƙe da kyau."

Can gaba ta taɓa bayana da hannu. Na yi kamar ban ji ba, don mun kusa wasu masu cirar auduga kuma ina so su ga gudu. Ba ta sake cewa komai ba. Ka san innarka, magana ɗaya take yi wa mutum.

Kunnen ya rabu a kan dagdag, muna tsakiyar gudu. Inji ya karkace, sarƙa ta yi tsalle ta cushe, tayar baya ta ƙame. Ni na faɗa cikin laka mai taushi a bakin gona, ban samu ko ƙwarzane na kirki ba. Ita ta faɗi a kan busasshiyar hanya, babur ya bi ta kan cinyarta.

Masu cirar auduga suka sheƙo. Wani dattijo ya kama kafaɗata yana salati, ya ce, "Mi ya hwaru, bawan Allah?" Ni mai gyaran inji ne, duk gonakin bakin kogin nan ni ake kira. Na hango kunnen a rabe, na hango mutane, sai na ji bakina ya ce, "Akuya ce ta tsallaka."

Innarka tana kwance a ƙasa, zanenta ya yi jini, ta juyo ta dube ni. Ban taɓa manta kallon nan ba. Matan suka durƙusa kanta suna tambaya, wace akuya, ta wa, ina ta yi? Ta rufe ido ta ce, "Wata ja ce."

To ka ji. Babu akuya. Ba a taɓa yin akuya ba. Labarin da ka tashi da shi, wanda ake ba baƙi in sun tambayi abin da ya sami ƙafar innarka, ni na ƙirƙire shi a tsaye, ita kuma ta yi masa launi don ta rufa mini asiri. Wata uku ta yi kwance a kan angarib, gadon igiyar nan, maɗori yana zuwa yana komawa, ƙafar ta warke a gajarce. Kai kuma ka yi shekara guda kana jifan duk wata jar akuya da ka gani a garin nan. Sau uku masu awaki suka kawo ƙararka. Ina aika Isa ya ba su haƙuri, ya ja maka kunne, ni kuma in shige rumfa in yi kamar ina neman wani abu. Cikin duk abin da na yi, wannan yana cikin waɗanda suka fi ci mini rai, don yaro ne kai kana rama wa uwarka, kuma ni na nuna maka wanda za ka jefa.

Ban kai babur ɗin wurin Usta ba. Na ɗora shi a lori na kai Sinja inda ba wanda ya san ni, wani mai walda ya liƙe kunnen, na goge wurin da kaina na shafe shi da baƙin fenti. Da na dawo Usta ya zagaya shi sau ɗaya, ya sa babban yatsa ya shafa fentin daidai wurin. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya ce, "Akuya mai ƙarfi, wallahi." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Isma, ya Adamu. Walda a kunne ba amana. Kai kaɗai, bishwesh bishwesh. Mutum a baya, la." Wato in hau ni kaɗai, a hankali, kada in ɗauki kowa a baya. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina bin wannan umarni. Ka tuna mutane suna cewa babanka marowaci ne, ko liman ya tsayar da shi a hanya ba ya ɗauka? Ka tuna ana yi mini dariya wai jakin Isa ya taɓa wuce ni? Ba rowa ba ce, ba kuma tsufa ba. Tsoro ne. Waldar ta riƙe ne don ni kaɗai nake hawa, a hankali, daga wannan lambu zuwa wancan. Ba a taɓa gwada ta da saurayi mai zafin hannu da doguwar hanyar Suki da mutum biyu a kai ba.

Ana gobe za ka tafi, ina zaune a ƙofar gida na hango ka a rumfa kana shirya babur. Ka ɗauko sifana, ka miƙa hannu bango ka sauko da bututun nan, ka zura, ka taka shasi da ƙafa, ka ja. Daidai yadda nake yi, har yadda kake cije leɓe. Ban taɓa koya maka ba, da ido ka ɗauka, don ban taɓa ba ka wata hanyar koyo daga gare ni ba sai ido. Na ce bari in gaya wa Isa ya gaya maka. To me zan ce wa Isa? Shi ma akuya ya sani.

Da safe maƙwabta suka taru yi maka sallama. Ana yaba babur, ana cewa Malam Adamu ya yi abin kirki da ya ba ɗansa. Har na ji kaina ina cewa ƙarfen nan bai taɓa ba ni kunya ba. Kana ɗaure jakarka na sunkuya kamar ina duba taya, sai ga shi: jan gari a gindin notin baya na hagu, a kan baƙin fentina. Na miƙe na buɗe baki in kira ka, sai na rasa da me zan kira ka. Ban saba ba. Kafin in gama neman abin faɗi ka taka, inji ya tashi, ka ɗaga wa mutane hannu ka tafi.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba, sai da direban lorin da zai kawo maka wannan takarda ya ce ya gan ka a Suki da ƙafafunka. Na yi hamdala, na kuma fara lallashin kaina cewa tunda waldar ta kai ka, ai za ta dawo da kai. Ina cikin wannan ne innarka ta same ni a rumfa jiya da hantsi. Ta jingina da ginshiƙi, don ba ta iya doguwar tsayuwa, ta ce, "Malam, ɗiyar mutane za ta hau abin ga ran Juma'a."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ni na ɗauki tawa, ban kai ƙara wurin kowa ba. Amma ba ni ɗaukar ta Saudatu. Ka hwaɗa mai, ko ni in hwaɗa mai. Ban iya rubutu ba, amma na iya hawan lori."

Ka san ita ta fi ni kunyarka, ko ɗakin da kake ba ta cika zama ba. In har ta ce za ta hau lori ta zo ta same ka ido da ido, to magana ta ƙare. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa ambata mini ranar nan ba sai jiya.

Ga abin da za ka yi. A cikin ƙullin da na ba direba akwai ƙusa biyu sababbi da notikansu, da washa shida masu kauri daban-daban, da guntun alli. Ka sami safiya wadda ba ka sauri, inji yana sanyi. Ka kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tauri. Ka fara da kunnen baya na hagu: ka kankare fentin duka da wuƙa har ƙarfe ya fito fari, kada ka ji tausayin fentin, na ƙarya ne. Ka wanke wurin da kananzir, ka bar shi ya jiƙa kaɗan, ka goge ya bushe sarai, sannan ka shafe shi da alli. Ka je ka sha shayi ka dawo. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai fito ya zana baƙin layi a kan allin, siriri kamar gashi. In ka ga layin nan, ko da rabin farce ne, kada ka sake hawa, ko zuwa kasuwa. Ka tura shi da hannu wurin ustan warshar aikinku, wato babban makanikinku, ka ce ba liƙi kake so ba, a yanke kunnen a ƙera sabo a dasa. Ko ba ka ga layi ba ma, ka nuna masa waldar ka gaya masa shekarunta, ka bi abin da ya ce.

In kunne ya samu lafiya, sai ɗaurin. Ka sa guntun katako a ƙarƙashin inji ya ɗauki nauyinsa, ba ya ɗaga shi ba, ya tallafe shi kawai. Ka sassauta notikan duka, na gaba da na baya da na ƙasa da na ƙarƙashin tanki, kada ka bar ko ɗaya a ɗaure. Ka girgiza injin da hannu ka bar shi ya zauna inda yake so. Daga nan ka bi kowane wuri da ido. Ƙusar da ta cinye har ta yi siririn wuya, ka jefar ka sa sabuwa. Inda ka ga gibi, ka cike shi da washar da ta shiga daidai, ba a sako-sako ba, ba kuma da guduma ba. Kada ka taɓa jawo ƙarfe ya zo ya sami ɗan'uwansa. Sannan ka ɗaure kaɗan-kaɗan kana zagayawa, wannan rabin juyi, wancan rabin juyi, na ƙasa kafin na sama, ɗan ƙarfen kan inji shi ne na ƙarshe. Da sifana kaɗai, da ƙarfin hannunka kaɗai. Tsawon sifana ba a banza aka yi shi haka ba. Ka duba sarƙa, don in inji ya gyara zama ita ma takan canja. Ka ɗora kofin shayi a tanki ka tayar. In shayin ya yi rawa bai fita ba, ka yi 'yar tafiya, ka bar shi ya huce, ka sake bin notikan. Bayan haka duk Juma'a ka durƙusa ka nemi jan gari kafin ka tafi masallaci.

Bututun kuwa kada ka neme shi in ka zo. Na ba Isa ya yi turken jaki da shi.

Saudatu ta zo a lori ko a jirgin ƙasa wannan karon, Isa zai rako ta. Kada ka ce za a yi maka dariya, an yi mini ta shekara goma sha huɗu ban mutu ba. Kuma ba ita kaɗai za ka ɗauka ba in ka ɗauke ta. In ba ka sani ba, innarka ta sani. Nan gaba, in babur ya gyaru har kuka hau tare, ka tuna wanda ke baya yana jin abin da mai riƙe da kan babur ba ya ji. Yarinyar nan ta fi innarka shiru, wataƙila ko sau ɗayan ba za ta faɗa ba. Kai za ka tsaya a hanya ka juyo ka tambaye ta. In ta ce wani abu yana rawa ba kamar kullum ba, ka kashe inji a nan take, ko da duk mutanen Suki suna kallonka.

Ban san yadda za ka dube ni ba bayan wannan. In ka yi fushi, da gaskiyarka. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro, amma tsoron kada wani abu ya same ku ya fi. Ba na neman ka rufa mini asiri kamar yadda uwarka ta yi. In Saudatu ta tambaye ka dalilin da ya sa ba ka zo da babur ba, ka gaya mata gaskiya. Isa ma zan gaya masa da bakina yau bayan la'asar.

Da na kawo nan, innarka ta ce in karanta mata abin da na rubuta, kada in yi mata wayo. Na karanta tun daga bismillah. Ba ta tanka ba sai da na iso wurin masu cirar auduga. Ta shafa gwiwarta, sannan ta ce, "Allah sarki. Yau dai jar akuyar ga ta huta."

Ta yi dariya, ni na kasa. Sai ta ce saura abu ɗaya, wai takarda ba ta tafiya ba sunan mai ita, direba zai rasa wanda zai ba. Na ce ai direba ya san ka. Ta ce ita dai ta faɗa, kuma ka san magana ɗaya take yi wa mutum. Wannan karon na ji.

Allah ya kiyaye ka a tafiya da zama. Allah ya kawo Saudatu gare ka lafiya, ya sauke ta lafiya in lokaci ya yi. Allah ya sa hannunka ya fi nawa haƙuri, kunnenka ya fi nawa ji. Allah ya dawo mana da kai da ƙafafunka biyu, ko a lori ne, ko a kan jaki.

Ka yafe mini, Yusufu.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Adamu.